Bangaladash ko Pakistan: ina ya kamata ɗan kasuwar tufafi ya dosa?

Ɗan kasuwar da ya saba da hanyar Guangzhou ko Dubai, in ya fara neman wata ƙofa a Kudancin Asiya, sunaye biyu ne yake yawan ji bayan Indiya: Bangaladash da Pakistan. Ana ambatonsu tare kamar abu guda, wataƙila don dukansu ƙasashen Musulmi ne, kuma daga 1947 zuwa 1971 ƙasa ɗaya ce mai ɓangare biyu, ƙasar Indiya ta shiga tsakaninsu da tazarar kimanin kilomita 1,600. Amma a harkar tufa ba sana'a ɗaya suke yi ba. Bangaladash tela ce, a kai mata auduga ko yadi ta ɗinka ta miƙo. Pakistan kuwa masaƙiya ce mai gonar audugarta a bayan gida.

Ga inda na tsaya tun kafin in kawo dalili. Mai matsakaicin jari da ke sayar da yadin maza, zanin gado, tawul ko kayan mata da ba a ɗinka ba, ya nufi Pakistan. Mai sayar da ɗinkakkun kaya, wato tishat, singileti, kayan yara, wandon jins da rigunan sanyi, in yana da ƙarfin cika kwantena da kaya iri kaɗan, Bangaladash ce tasa. Wanda kuma shadda, atamfa ko leshi yake nema, kada ya ɓata kuɗin jirgi. Babu ɗayarsu da ta yi suna da waɗannan, hanyarsu tana nan inda aka san ta, Sin da Indiya da Turai.

Abin da ya raba musu sana'a tun asali shi ne ƙasa da ruwa. Faɗin Bangaladash kimanin murabba'in kilomita 148,000 ne, kusan jihar Borno da jihar Neja in an haɗa su, amma mutum wajen miliyan 170 ke zaune a cikinta. Manyan koguna uku, Padma da Jamuna da Meghna, a cikinta suke haɗuwa kafin su zuba a Tekun Bengal. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai laka da fadama, damina tana kama ta daga Yuni har Oktoba, kuma a 1998 ambaliya ta rufe kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar. Auduga ba ta son haka, rana da bushewa take so lokacin da take fashewa. Ga kuma bakunan da za a ciyar, don haka duk inda fili ya samu shinkafa ake dasa masa. Shi ya sa ƙasar da a yawancin shekarun nan ita ce ta biyu a duniya bayan Sin wajen fitar da ɗinkakkun tufafi, audugar da take nomawa ba ta kai kashi 5 cikin 100 na buƙatarta ba. Saura duk saye take yi, daga Indiya da Brazil da Amurka, kuma wani kaso mai yawa daga nan Afirka yake tafiya, daga Benin, Mali, Burkina Faso da Kamaru. Yana yiwuwa singiletin da ka saro a Dhaka, babban birnin Bangaladash, a gonakin arewacin Benin aka tsinci audugarsa, ta ƙetare teku sau biyu kafin ta iso shagonka. Abin yana yi mini ciwo duk sanda na tuna masaƙun Kaduna da na Kano da suka rufe.

Abin da Bangaladash take da shi a yalwace shi ne hannun aiki. Tun daga 1974 ƙasashen Turai da Amurka suka ƙayyade wa manyan masu kai musu tufafi, irin su Koriya ta Kudu, iya abin da za su shigar. Kamfanin Daewoo na Koriya ya nemi ƙasar da ba a sa wa wannan takunkumi ba, ya haɗa hannu da wani kamfanin Bangaladash mai suna Desh Garments, kuma a 1979 aka kai ma'aikata 130 Koriya suka koyo aikin. Mafi yawansu daga baya sun fita sun buɗe nasu wuraren, sana'ar ta bazu. Gwamnati ta ƙara mata ƙarfi da abu biyu: masana'anta tana iya shigo da yadi ba tare da biyan kuɗin fito ba muddin ɗinkawa za ta yi ta fitar, kuma banki yana buɗe mata takardar sayen yadin a kan ƙarfin odar da mai saye ya riga ya bayar. A yau ɗinkakkun kaya sun haura kashi 80 cikin 100 na duk abin da ƙasar ke fitarwa, kuɗinsu yana kai wajen dala biliyan 40 a shekara, kuma mutum kimanin miliyan huɗu ke cin abinci a ciki, da yawansu mata.

To, a nan matsalar ƙaramin ɗan kasuwa take. An gina wannan tsari ne don irin su H&M, Primark, Zara da Walmart, waɗanda ke ba da odar riga dubu ɗari a zama ɗaya, kuma Tarayyar Turai tana karɓar kayan Bangaladash ba haraji, don haka idon masu masana'anta can yake kallo. In ka shiga babbar masana'anta a Gazipur ko Ashulia da ke kusa da Dhaka, za a karɓe ka da shayi da mutunci, amma ƙa'idarsu ita ce dubbai a kowane launi da kowane salo, biya ta takardar banki, sannan jira na wata biyu zuwa huɗu. Mai son ɗari uku na wannan, ɗari biyar na wancan, sai ya bi ta ofisoshin dillalai, su kuma su kai aikin ƙananan wuraren ɗinki. Ba laifi ba ne, ana samun na kirki, sai dai farashin da ka ji ana yabon Bangaladash da shi ba shi za a ba ka ba, kuma ba ka san hannun da ya ɗinka kayanka ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin kayan da kansu. Yadi mai talewa, irin na tishat da singileti da kayan jarirai, a can ake kaɗa zarensa, a saƙa, a rina, a ɗinka, musamman a Narayanganj. A wannan fanni ƙasar ta tsaya da ƙafarta, ingancinsa da arahar sa da wuya a samu kamarsu. Amma yadin da ba ya talewa, na rigar ofis da wando, kaso mai yawa daga Sin da Indiya ake kawo shi. Ka ga ke nan wanda ya je Dhaka neman bandir ɗin yadi ya je sayen abin da su ma sayowa suke yi. Akwai kasuwar yadi ta Islampur a tsohon birnin Dhaka, da ta Baburhat a Narsingdi, amma yawancin kayansu na mutanen gida ne, zannuwan matansu da na mazansu, ba irin ɗinkinmu ba.

Abin da ya fi jan ƙananan 'yan kasuwar Afirka zuwa Bangaladash shi ne ragowar kayan kamfani, wato abin da ya yi saura bayan an cika oda, ko odar da aka soke, ko kayan da mai duba ya ƙi saboda ɗan aibi. Akwai riba a ciki, ba na musu. Kaya ne da aka ɗinka wa kasuwar Turai, ana sayar da su ƙasa da kuɗin yinsu. Amma dila ɗaya tana iya zuwa maka da girma iri biyu kawai, ko rabinta rigunan hunturun Turai masu nauyin da ko sanyin Jos bai kai a sa su ba. Wasu suna ɗauke da tambarin kamfanin da bai ba da izinin sayarwa ba, wanda hakan kan iya jawo rigima da hukuma. Wannan ciniki ba a yin sa ta waya. Ko ka je da kanka a kwance dila a gabanka, ko ka ajiye amintacce a can.

Pakistan wata duniya ce daban. Ta ninka Bangaladash a faɗi fiye da sau biyar, ƙidayar 2023 ta ba ta mutum miliyan 241, kuma mafi yawanta busasshiya ce, duwatsu a arewa da yamma, hamada a kudu maso gabas. Ranta kogin Indus ne da rassansa da ke ratsa Punjab, irin su Jhelum, Chenab, Ravi da Sutlej, waɗanda ƙanƙarar duwatsun arewa ke ciyarwa. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Turawan Ingila suka haƙa manyan hanyoyin ruwa a wannan fili, daga baya aka gina madatsun Mangla da Tarbela, har ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren noman ban-ruwa na duniya. Zafi, rana, da ruwan da manomi ke iya buɗewa ya rufe: abin da auduga ke so ke nan. Ana nomanta a kudancin Punjab, wajen Multan, Bahawalpur da Rahim Yar Khan, da kuma lardin Sindh. Ba kuma jiya aka fara ba, domin a kufan Mohenjo-daro an tono guntun saƙar auduga mai shekara fiye da 4,000.

Audugar Pakistan silinta ba dogo ba ne, ta fi dacewa da zare mai kauri da matsakaici. Wannan ne ya sa ƙasar ta yi fice a tawul, zanin gado, yadin jins da farin yadi, kuma duk matakan aikin, daga gurza zuwa kaɗi, saƙa, rini da buga zane, a cikin gida ake yinsu. Tufa ta fi rabin abin da take fitarwa, tsakanin dala biliyan 16 da 19 a 'yan shekarun nan. Bai kai rabin na Bangaladash ba, amma ya fi shi yawan iri.

Sai dai kada a ruɗe ka da tsohon labari. Gonar tana ja da baya. Akwai shekarun da Pakistan ta girbe dila wajen miliyan 14, amma bayan ambaliyar 2022, wadda ta shafi mutum miliyan 33 ta kuma cinye gonakin Sindh, abin ya faɗo kusan miliyan 5. Tun kafin ambaliyar ma tsutsa da farin ƙuda da cutar nannaɗe ganye sun gajiyar da manoma, da yawa sun koma rake da masara da shinkafa. Yanzu ita ma tana sayen auduga daga Amurka da Brazil. Ga kuma batun ruwan kansa: yarjejeniyar rabon kogunan da ta ƙulla da Indiya a 1960, Indiya ta ce ta dakatar da ita a Afrilun 2025. Duk wanda zai ƙulla hulɗa ta shekaru da masaƙar Pakistan ya dinga bin labarin damina da na farashin auduga.

Abin da ya fi ƙarfafa ni in ce wa mutumin Kantin Kwari ya fara duba Pakistan ba alƙaluma ba ne, ɗabi'ar sa tufa ce. Mutanen can, maza da mata, har yau yadi suke saye su kai wa tela, kamar mu. Namiji yana sa doguwar riga da wando mai faɗi na yadi iri ɗaya, a ƙasa mai zafin da ke haura digiri 45 a watan Mayu da Yuni. Saboda haka masaƙunsu sun daɗe suna tunanin abin da kwastomanka ke tambaya: yadin da ba ya riƙe zafi, wanda ke tsayawa in an sa masa sitati, wanda ba ya yamutsewa, fari da ruwan madara da ruwan toka da ruwan ƙasa. Na mata kuma akwai lallausan yadin auduga mai zane da suke kira lawn, wanda kamfanoni irin su Gul Ahmed, Nishat, Alkaram da Sapphire ke fitar da sabon yayinsa duk bazara. Kuma tunda kasuwar gida ce mai mutum sama da miliyan 200, akwai 'yan sari da ke sayar da bandir goma ko ashirin ba tare da sun ɗaga maka hanci ba.

Cibiyar wannan duka Faisalabad ce. Turawa ne suka kafa ta da sunan Lyallpur a matsayin kasuwar manoman ban-ruwa, aka sauya mata suna a ƙarshen shekarun 1970 don girmama Sarki Faisal na Saudiyya. A tsakiyarta akwai hasumiyar agogo, kasuwanni takwas suka fita daga gindinta kowacce ta nufi nata ɓangaren, kuma a unguwanninta akwai dubban ƙananan masaƙu masu injin lantarki ban da manyan kamfanoni. Can ne kasuwar zare, can ne masu rini da masu buga zane. Mutum yana iya zaɓar ɗanyen yadi a wuri ɗaya, ya kai a rina masa launin da yake so a wani, a yi masa tambarinsa a gefen bandir. Lahore tana da kasuwar Azam ta 'yan sari da kayan mata masu ado, Karachi tana da manyan kamfanonin tawul da jins, Sialkot kuma kayan wasanni da ƙwallo.

Wannan sauƙi shi ne kuma haɗarinsa. Inda masaƙu suka yi yawa, inganci ba ya zama ɗaya. Audugarsu da hannu ake tsinta, kuma an san ta da gaurayuwa da zaren leda da gashi, abin da ke fitowa ɓaro-ɓaro a farin yadi ko bayan rini. Launi yana iya bambanta tsakanin rinin yau da na gobe. Abin da aka ce maka auduga ce zalla yana iya zuwa da roba a ciki. Maganin wannan sananne ne: ka yanki samfur ka wanke da omo ka shanya a rana, ka ga ko yana zuba ko yana tsukewa, ka ƙona bakin zaren ka ga ko toka ya yi ko dunƙulewa, sannan a rubuta nauyin yadin da faɗinsa a takardar ciniki, kowa ya riƙe yanki ɗaya da sa hannu.

Ka kula da awo ma. Da mita suke aunawa, kuma yankan namiji ɗaya a wurinsu mita huɗu ne zuwa huɗu da rabi, kusan yadi biyar namu. Ya isa kaftani da wando, amma ba zai yi babbar riga da 'yar ciki ba, don haka bandir ya fi maka yankakke. Kayan mata kuma yawanci kashi uku ake haɗa su, na riga da na wando da mayafi, kowanne tsakanin mita biyu da rabi zuwa uku. Hajiyar da kwastomominta ke son doguwar riga mai faɗi ko zani da ɗankwali, gara ta nemi zanen da ake sayarwa a bandir, in ba haka ba tela zai dawo mata da ƙorafin yadi bai isa ba.

Farashi a Pakistan ba ya zama wuri ɗaya. Kuɗinsu, rupi, ya tashi daga wajen 105 a dala ɗaya a 2017 zuwa wajen 280 a 2023, wutar lantarki da gas sun yi wa masaƙu tsada, har wasu suka rufe. Taka ta Bangaladash ita ma ta faɗi, daga wajen 85 a 2021 zuwa wajen 120 a 2024, amma ba kamar haka ba. A ko'ina ka je, a yi ciniki da dala, a kuma rubuta kwanakin da farashin zai tsaya.

Wajen fitar da kaya Pakistan ta fi sauƙi ta wani gefe. Karachi tana bakin Tekun Larabawa da tashoshi biyu, tata da ta Port Qasim, manyan jirage suna shiga, kuma ta fi kusa da mu. Illarta nisan cikin gida: daga Faisalabad zuwa Karachi ya haura kilomita 1,000 a mota, kuma a Disamba da Janairu hazo yana rufe manyan hanyoyin Punjab har da saukar jiragen sama a Lahore. A Bangaladash tazarar Dhaka da Chittagong kimanin kilomita 250 ce kawai, amma tashar jiragen ruwa ta Chittagong tana cikin kogin Karnaphuli, zurfin da jirgi ke samu bai wuce mita goma ba, kuma ita ke ɗaukar fiye da kashi 90 cikin 100 na kayan ƙasar. Dole ƙaramin jirgi ya kai kwantenarka Colombo, Singafo ko Port Klang, ta jira babba. Ana gina tasha mai zurfi a Matarbari da taimakon Japan, amma kai da abin da ke ƙasa yau za ka yi lissafi. Kayan Karachi ma sau da yawa sai an sauya musu jirgi a hanya kafin Legas ko Lome, don haka ka tambayi kamfanin dako sau nawa za a sauke kwantenar, ba kwana nawa kawai ba.

Akwai abin da ba na so a tsallake don ana maganar riba. Ranar 24 ga Afrilu 2013 benen Rana Plaza mai hawa takwas, mai masana'antun ɗinki a ciki, ya rufta a Savar kusa da Dhaka, mutum 1,134 suka mutu, bayan an ga tsagewar bango tun ana gobe aka kuma tilasta wa ma'aikata komawa aiki. Watanni kafin nan, a Satumban 2012, gobara ta kashe fiye da mutum 250 a wata masana'anta a unguwar Baldia ta Karachi, tagogi da ƙarafa, ƙofofi a kulle. Bayan Rana Plaza kamfanoni sama da 200 sun sa hannu a yarjejeniyar duba gini da wuta, aka binciki masana'antu fiye da 1,500 a Bangaladash, kuma daga 2023 aka faɗaɗa tsarin zuwa Pakistan. Sai dai binciken ya fi shafar masu yi wa manyan kamfanoni aiki. Ƙananan wuraren da za su karɓi odarka, su ne galibi ido bai kai kansu ba. Mafi ƙarancin albashin mai ɗinki a Bangaladash tun Disamban 2023 taka 12,500 ne a wata, ɗan sama da dala 100. In dillali ya kawo maka farashin da ya yi ƙasa har ka yi mamaki, daga jikin wani aka cire shi. Ka nemi a kai ka wurin ɗinkin, ka duba ƙofar fita da idonka. Haƙƙi ne, kuma wurin da ke kulle ma'aikatansa ba zai ji kunyar sauya maka yadi ba.

Takardun gida ba su bambanta ba, ko daga ina kaya suka taso: Form M, wato takardar shigo da kaya da ake buɗewa ta banki, takardar SONCAP ta shaidar ingancin kaya, da kuɗin kwastan. Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da tufafi dalar gwamnati a 2019, ya janye hanin a Oktoban 2023, kuma irin wannan doka tana iya juyawa, don haka ka ji ta bakin wakilinka na kwastan kafin ka biya kafin alƙalami. Duka ƙasashen biyu suna da ofishin jakadanci a Abuja. Pakistan ta fi nuna kwaɗayin kasuwar Afirka, har ta kawo baje kolin kayanta Legas a Nuwamban 2021. Ta fuskar zaman lafiya kowacce da nata: tarzomar da ta kawar da gwamnatin Sheikh Hasina ta Bangaladash a Agustan 2024 ta tsayar da masana'antu da tasha na kwanaki, Pakistan kuma tana fama da hare-hare, musamman a Balochistan da Khyber Pakhtunkhwa, yankunan da ba su ne hanyar mai sayen yadi ba.

Lokacin ba da oda shi ma shawara ce. Sallarsu ita ce Sallarmu. Sanda kake son kayanka su fito, lokacin ne masu rini da masu buga zane a Faisalabad suka shaƙe da aikin kasuwar gida, kuma a Bangaladash ma'aikata suna watsewa ƙauyuka hutun Sallah na kusan mako guda ko fiye. Kayan ƙaramar Sallah da za su biyo ruwa, tun Rabi'ul Awwal ko Rabi'us Sani ya kamata a ce an gama magana a kansu.

Saura mutum ɗaya da lissafin nan bai shafa ba, wato mai harkar amfanin gona. Lakar da ta hana Bangaladash auduga ita ce ta ba ta wani dangin lalo mai tsayi, wanda ake jiƙa kararsa a ruwa a saɓule ɓawon a saƙa buhun algarara. Ita da Indiya ke noma kusan duk na duniya, kuma kafin zuwan ɗinki shi ne babban abin da take fitarwa, har masaƙar Adamjee da aka kafa a Narayanganj a farkon shekarun 1950 ta taɓa zama mafi girma a duniya kafin a rufe ta a 2002. Pakistan ma daga can take sayen ɗanyensa. Mai neman buhun da zai zuba koko ko kashu don fitarwa waje, ba shi da abin yi a Faisalabad, Bangaladash zai nufa kai tsaye, ya kuma tabbata an rubuta masa cewa buhun na zuba abinci ne, wanda aka sarrafa da man tsiro ba da man fetur ba, domin masu saye a Turai suna mayar da kayan da suka ɗauki warin buhu.